Tambaya da Amsa: Ɗana yana son ya nemo katin ƙwararrun 'yan wasan golf, in sayar da filina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Obalende, nan Legas, ina sayar da shadda da yadi. Ɗana na biyu, mai shekara 19, ya fara ɗaukar wa masu wasan golf jaka a ɗaya daga cikin kulob-kulob na garin nan tun yana ƙarami, kuma a hankali shi ma ya koyi wasan, har manyan mutanen da yake yi wa hidima suna yaba hannunsa. Yanzu ya taso ni gaba cewa yana son ya mayar da wasan sana'a, ya tafi Turai ya nemo wani abu da yake kira kati, wanda a cewarsa duk wanda ya samu ya huta da talauci. Ya roƙe ni in sayar da wani fili da nake da shi a Kano domin a yi masa guzuri. Ina roƙon a fahimtar da ni mene ne katin nan, yaya ake samunsa, kuma shin mutum yana iya riƙe iyali da wannan sana'a? Daga wani mahaifi a Obalende.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya bincike kafin ka ce to ko a'a, domin yaron ya cancanci a saurare shi, filin kuma ya cancanci a yi tunani a kansa. Amsata ita ce kada ka sayar da filin yanzu, amma kuma kada ka kashe masa gwiwa, kuma zan yi ƙoƙari in nuna maka dalilin kowanne daga cikin biyun.

Katin da yake magana a kai izini ne na shiga jerin gasannin da wata ƙungiyar ƙwararru take shiryawa a cikin kaka ɗaya. Mafi girma a cikin waɗannan ƙungiyoyi ita ce PGA Tour ta Amurka, sai DP World Tour, wadda kafin 2022 aka san ta da suna European Tour, sannan akwai Asian Tour da kuma Sunshine Tour ta Afirka ta Kudu. Kai da kake ɗan kasuwa za ka fi kowa gane lamarin idan na ce katin kamar takardar rumfa ce a babbar kasuwa: tana ba ka wurin zama na shekara guda, amma ba ta yi maka alkawarin ciniki ba, kuma idan shekara ta ƙare ba ka kai wani matsayi ba, sai a karɓe rumfar a ba wani. A nan ne golf ya sha bamban da ƙwallon ƙafa da yaranmu suka fi sani, inda kulob yake ɗaukar ɗan wasa da kwantiragi yana biyansa albashi ko ya buga ko yana benci. Ɗan wasan golf mai zaman kansa ne, shi yake sayen tikitin jirginsa, shi yake biyan otal, shi yake biyan mai ɗaukar masa jaka da mai horar da shi, sannan ya jira abin da sandarsa za ta kawo masa.

Ana yin gasa ta ƙwararru cikin kwana 4, daga Alhamis zuwa Lahadi, kowace rana zagaye ɗaya na ramuka 18, jimilla 72, kuma wanda ya kammala da bugu mafi ƙaranci shi ne zakara. Sai dai bayan ramuka 36, wato da yammacin Juma'a, ana yin tankaɗe. A PGA Tour mutum 65 na sama da waɗanda suka yi kunnen doki da su ne kawai suke ci gaba, sauran kuwa, waɗanda sukan haura rabin waɗanda suka fara, sai su tattara kayansu ba tare da ko sisin kobo daga kuɗin gasar ba, alhali sun riga sun kashe kuɗin mako guda. Wanda ya lashe gasa yakan ɗauki kimanin kashi 18 cikin 100 na kuɗin da aka ware, daga nan rabon yana raguwa da sauri har zuwa na ƙarshe. Hoton da yaron yake gani a talabijin ranar Lahadi, na mutum ɗaya riƙe da kofi da cek, gaskiya ne, amma talabijin ba ya nuna waɗanda suka bar garin tun daren Juma'a.

Hanyoyin samun katin kuwa kusan uku ne. Ta farko ita ce gasar tantancewa da ake yi sau ɗaya a shekara, wadda nake zaton ita ɗanka yake nufi. A DP World Tour tana da mataki 3: zagaye 4 a matakin farko, zagaye 4 a na biyu, sannan zagaye 6 a na ƙarshe da ake yi a Sifaniya, wato ramuka 252 ga wanda ya faro daga tushe. Ɗaruruwan 'yan wasa ne daga ƙasashe daban-daban suke biyan kuɗin shiga, 156 suke isa matakin ƙarshe, kuma a 2024 da 2025 kimanin 20 ne suka fita da kati. Cikin waɗanda zai tarar a wurin akwai mutanen da suka taɓa lashe manyan gasanni sannan suka rasa katinsu suka dawo nema, kuma bugu ɗaya tak cikin kwana 6 yana iya raba wanda ya samu da wanda zai jira wata shekara. A Amurka ma an daina ba da katin PGA Tour kai tsaye ta wannan hanya bayan 2012, sai a 2023 aka dawo da ita, kuma guraben 5 ne kacal.

Hanya ta biyu, wadda ita ce ta mafi yawan ƙwararru, ita ce hawa ta ƙananan rukunoni. A Amurka akwai Korn Ferry Tour, wadda ta ba da kati 30 a 2023 da 2024, sannan aka rage su zuwa 20 daga 2025. A Turai akwai Challenge Tour, wadda a 2025 aka sauya mata suna zuwa HotelPlanner Tour, inda a wannan shekarar mutum 20 na sama a ƙarshen kaka suka haye DP World Tour. Daga 2023 kuma mutum 10 na sama a DP World Tour waɗanda ba su da katin Amurka suna samunsa. Saboda haka tsani ne mai hawa-hawa, kuma kowane hawa yana cin aƙalla shekara guda ta kashe kuɗi a wurin da ladan gasa bai taka kara ya karya ba. Brooks Koepka, Ba'amurken da ya lashe manyan kofunan duniya 5, ta Challenge Tour ya bi, yana yawo ƙasa-ƙasa a 2012 da 2013, har ya lashe gasa 3 a kaka ɗaya aka ɗaga shi sama nan take. Hanya ta uku ta ɗaliban jami'o'in Amurka ce, inda tun 2023 wanda ya fi kowa a cikin masu kammala karatu yake samun kati kai tsaye, kuma Ludvig Åberg na ƙasar Suwidin shi ne ya fara samu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ce kada ka kashe masa gwiwa. Ɗaukar jaka ba ƙaramar makaranta ba ce a wannan wasa. Ben Hogan da Lee Trevino a Amurka, da Seve Ballesteros a Sifaniya, dukansu shahararrun zakaru ne, kuma da ɗaukar jaka suka fara. Wanda ma ya fi kusa da halin ɗanka shi ne Siddikur Rahman na Bangladesh, ɗan talakawa da ya fara da tsintar ƙwallo a filin Kurmitola da ke Dhaka, ya zo ya lashe gasar Brunei Open ta Asian Tour a 2010, ya kuma wakilci ƙasarsa a wasannin Olamfik na 2016. Ita kanta Legas tana da tarihi a wannan hanya, kuma ina baƙin cikin yadda matasanmu ba su san shi ba. A filin Ikoyi, 'yar tafiya kaɗan daga shagonka, aka riƙa yin gasar Nigerian Open tun daga 1969, kuma ƙwararrun Turai sukan zo ta a lokacin da sanyi ya hana wasa a can. A nan Sandy Lyle na Sikotland ya ci gasarsa ta farko a matsayin ƙwararre a 1978, kafin ya lashe biyu daga cikin manyan gasannin duniya, wato Open a 1985 da Masters a 1988. A nan Vijay Singh na tsibirin Fiji ya yi nasara a 1988 lokacin duniya ba ta san shi ba, a ƙarshen wannan shekarar ya samu katin Turai ta gasar tantancewa, ya sake lashe gasar ta Legas a 1989, har a 2004 ya zama na ɗaya a duniya. Abin takaici shi ne gasa mai wannan matsayi, wadda ke haɗa ɗan Najeriya da ƙwararrun waje a ƙofar gidansa, ta daɗe da barin jadawalin rukunonin Turai, shi ya sa yaro irin naka yake ganin dole sai ya ƙetare teku kafin ya auna kansa.

To amma yabon manyan mutane a kulob ba ma'auni ba ne, Alhaji, ko da kuwa da zuciya ɗaya suke yinsa. Galibinsu masu wasan nishaɗi ne da suke kammala zagaye da bugu 85 ko 95, saboda haka duk yaron da ya buga 74 a gabansu gwani ne, alhali 74 a gasar tantancewa hanyar komawa gida ce. Yawancin filaye an ƙayyade musu bugu 70 zuwa 72, kuma masu neman kati suna buga 67 da 68 a jere, a filin da ba su taso a cikinsa ba, cikin iska da sanyi da ruwan sama, a kan ciyawar da ƙwallo yake gudu a kanta fiye da yadda ya saba a nan gida. Wannan wasa yana da kyau guda ɗaya da ya kamata ka yi amfani da shi: ba ya ɓoye gaskiya, domin komai a rubuce yake da lamba. Ka ce masa ya ba ka shekara guda. A cikinta ya shiga kowace gasa da zai iya shiga, a Ikoyi da Ikeja da Lakowe, ya je filin IBB a Abuja, ya je Kaduna da Jos, ya riƙa bugawa daga wurin farawa mafi nisa, kuma ya kawo maka takardar sakamakon kowane zagaye da sa hannun wanda ya rubuta masa. Wasan da ya yi shi kaɗai da yamma ba ya cikin lissafi. Idan shekara ta cika kuka ga yana yawan sauka ƙasa da ƙa'idar fili a wuraren da ba nasa ba, kuma yana doke ƙwararrun gida, to magana ta fara ƙarfi.

Ko a lokacin ma ba zan ba da shawarar a fara da Turai ba. Ya kamata ya daɗe kaɗan a matsayin mai wasan sha'awa, domin da zarar ya bayyana kansa ƙwararre wasu ƙofofi sun rufe. Tun 2024 hukumar R&A, mai kula da dokokin golf, take shirya gasar zakarun Afirka ta masu wasan sha'awa, wadda aka fara a filin Leopard Creek na Afirka ta Kudu, kuma wanda ya lashe ta yana samun gurbi a gasar Open, mafi daɗewa a cikin manyan gasannin duniya. Dokokin da aka sabunta a 2022 sun kuma halatta wa mai wasan sha'awa ya karɓi tallafin kamfani. Bayan nan sai ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Najeriya da gasanninta na cikin gida, sannan Sunshine Tour, wadda tana da tata gasar tantancewar, tana shirya wasu gasanni tare da DP World Tour, kuma 'yan Najeriya irin su Andrew Odoh sun buga a cikinta. Kuɗin tafiyar kuwa, waɗanda suke yaba shi su ne na farko da ya kamata a tunkara. Al'ada ce sananniya a wannan sana'a wasu masu hali su haɗa kuɗi su ɗauki nauyin matashi na shekara 2 ko 3 bisa yarjejeniya a rubuce cewa za a raba abin da ya samu. Wanda ya yarda da hannun yaron da gaske zai sa kuɗinsa, kuma idan duk suka ja baya, wannan ma amsa ce da ta kamata ku ji tun fili yana hannunka. Ka tuna cewa duk abin da za a kashe a waje da dala ko yuro ko rand ne, kuma ka fi ni sanin abin da ya sami naira tun tsakiyar 2023.

Game da riƙe iyali, eh, ana riƙe iyali da golf, amma mafi yawan masu cin abinci da shi ba masu yawon gasa ba ne. Akwai ƙwararren da kulob yake ɗauka ya koyar da mambobi ya kula da shagon kayan wasa, akwai mai kula da ciyawar fili, akwai mai gyaran sanduna, akwai kuma mai ɗaukar jakar ƙwararru, wanda bisa al'ada yana da kuɗin mako sannan yana samun kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na abin da maigidansa ya ci. Idan yaron ya haɗa wasansa da karatu, ko da tsanin gasa bai kai shi ƙoli ba, shekarun da ya yi a fili ba su tafi a banza ba.

TAMBAYA: Malam, ni ma ɗaukar jaka nake yi, ina zaune a Idi-Araba. Idan Allah ya sa mutum ya samu katin, yaya rayuwarsa take kasancewa, kuma yaya Musulmi zai yi da salla da azumi a cikin wannan yawo? Daga wani matashi a Idi-Araba.

AMSA: Ɗana, samun katin farkon aiki ne, domin daga makon farko lissafin riƙe shi ya fara. Mako yakan tafi kamar haka: Litinin tafiya, Talata gwajin fili da auna nisan kowane rami, Laraba wasa tare da baƙin kamfanonin da suka ɗauki nauyin gasa, Alhamis a fara, daren Lahadi ko na Juma'a a nufi filin jirgi. Mai katin DP World Tour yana iya buga wannan mako a Dubai, na gaba a Kenya ko Indiya, sannan ya wuce Turai, kuma yakan yi gasa 25 zuwa 30 a shekara. Ga mai fasfon Najeriya akwai ƙarin nauyin neman biza ƙasa bayan ƙasa, wanda ya fi na abokan karawarsa na Turai nauyi, kuma sabon mai kati ba shi da tabbacin shiga kowace gasa, domin ana jera masu kati bisa daraja, waɗanda suka fito daga gasar tantancewa kuma suna can ƙasa, wani lokaci sai ana gobe za a fara za a sanar da mutum cewa gurbi ya samu.

A ƙarshen kaka ana duba maki. Shekara da shekaru mutum 125 na sama ne suke riƙe cikakken katin PGA Tour, amma daga kakar 2025 an rage su zuwa 100. Wanda ya lashe gasa yana samun tabbacin riƙe katinsa na shekara 2, shi ya sa nasara ɗaya take sauya rayuwar ɗan wasa fiye da kuɗin da ke cikinta. An ɗan sassauta wahalar a baya-bayan nan, domin PGA Tour ta lamunce wa mai cikakken kati mafi ƙarancin dala 500,000 a kaka, DP World Tour kuma dala 150,000 ga wanda ya buga aƙalla gasa 15, amma daga ciki mutum zai fitar da kuɗin tafiye-tafiye da haraji da haƙƙin ma'aikatansa.

Abin da ya fi cin mutane shi ne kaɗaici da faɗuwa a jere. Justin Rose na Ingila ya zo na 4 a gasar Open ta 1998 yana ɗan shekara 17, ya zama ƙwararre washegari, sannan aka tankaɗe shi a gasa 21 a jere. Ya daure har ya lashe US Open a 2013 da zinaren Olamfik a 2016, amma ya daure ne saboda yana da iyali da masu tallafi a bayansa, kuma da yawa masu hannu irin nasa sun bari kafin sa'a ta juyo.

Game da ibada, zagaye ɗaya yana cin awa 4 zuwa 5, kuma a manyan rukunoni ana raba lokutan farawa ta yadda wanda ya fara da safe ranar Alhamis zai fara da rana ranar Juma'a, ko akasin haka. Ana sanar da lokacin tun kafin ranar, saboda haka mai kula da addininsa yana iya tsara sallolinsa, sai dai Juma'a za ta riƙa kuɓuce masa a wasu makonni. Shari'a ta yi wa matafiyi rangwamen ƙasaru da na ajiye azumi ya rama daga baya, amma wanda tafiya ta zame masa sana'a ya kamata ya zauna da malaminsa ya bayyana masa jadawalinsa dalla-dalla kafin ya ɗauki hukunci da kansa.

TAMBAYA: 'Yata mai shekara 14 tana koyon golf a wani shirin yara, kuma mai koyar da su ya ce tana da basira. Shin mata ma suna da irin wannan kati? Daga wata uwa a Agege.

AMSA: Suna da shi, Hajiya. Babban rukuninsu shi ne LPGA Tour a Amurka, wanda Epson Tour take ƙarƙashinsa, sai Ladies European Tour a Turai, kuma dukansu suna da gasar tantancewa, ko da yake ladan gasannin mata bai kai na maza ba. 'Yar Najeriya Georgia Oboh ta zama ƙwararriya a 2018 tana da shekara 17, ta kuma buga a Ladies European Tour. Ines Laklalech ta Maroko ta lashe gasar Faransa ta wannan rukuni a 2022, ta zama Balarabiya ta farko da ta yi haka, kuma a ƙarshen shekarar ta samu katin LPGA. A shekarun 'yarki abin da ya fi muhimmanci shi ne ta riƙe karatunta da kyau ta kuma riƙa shiga gasannin yara da ake rubuta sakamakonsu, domin jami'o'in Amurka suna ba 'yan mata masu golf gurbin karatu da tallafi, kuma sakamakon makaranta da na gasa suke dubawa tare. Ki tabbata akwai babba daga gida da zai riƙa raka ta duk gasar da za a kwana a wani gari.